Yadda ɗalibin jami'a zai ci moriyar Tuwita maimakon ta riƙa cinye masa data a banza

Ni dai har yau Tuwita nake ce mata, duk da tun watan Yulin 2023 Elon Musk ya canza mata suna zuwa X bayan ya saye ta a 2022 kan dala biliyan 44, baki ya riga ya saba, don haka ku yi haƙuri da ni. Na buɗe akawun ina lebul 100, kuma wallahi shekara biyu ban tsinana komai da shi ba sai musun ƙwallo da kallon faɗan 'yan Arewa Tuwita, yau a ja wannan a ƙasa gobe a ja wancan, in kwana ina dariya da safe in tafi lakca ina hamma. Ko lokacin da gwamnati ta rufe ta a watan Yunin 2021 har zuwa 13 ga Janairun 2022 ban haƙura ba, da VPN nake shiga, don kawai kar gulma ta wuce ni.

Yajin aikin ASUU na 2022 ne ya dawo da ni hayyacina. Daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur muna gida, an ci an sha an yi barci har an gaji, sai wata rana na ga wani ɗan ajinmu ya sa hoton takardar shaidar wani kwas da ya gama ta intanet kyauta, na ce masa kai a ina ka ji wannan, ya ce ai a nan Tuwitar da kake kwana. Waya iri ɗaya, manhaja ɗaya, amma abin da yake gani daban nawa daban. Daga nan na fara gyara, kuma abin da zan zayyana muku a ƙasa shi ne yadda na yi, wani na koya a wurin mutane wani kuma sai da na sha wuya.

Mataki na farko, gyara ƙofar gidanka

Kafin ka ce za ka yi wa wani farfesa magana ka fara duba sunan da kake amfani da shi. Mutum yana lebul 400 amma sunansa Sarkin Yaƙin wane, ko Gimbiyar wani abu da alamar wuta guda biyar, to wa zai ɗauke ka da muhimmanci? Sa sunanka na gaskiya ko wanda ya yi kusa da shi. A wurin bayo, wato gurbin bayanin kai da ke ƙarƙashin sunanka, ka rubuta abu uku kawai, abin da kake karanta, inda kake karantawa in kana so, da ɓangaren da ya fi jan hankalinka, misali ɗalibin kimiyyar ƙasa mai sha'awar harkar noman rani. In da hali ka rubuta da Turanci da Hausa duka, haruffa 160 aka ba ka, sun isa.

'Yan uwa mata, ba dole sai kin sa hotonki ba, da yawa suna sa hoton littafi ko fure ko harafin farko na suna kuma ba abin da ya rage su. Ki shiga saitin ki taƙaita waɗanda za su iya turo miki saƙon sirri, don masu "salam 'yar uwa" da tsakar dare ba su da iyaka.

Sai tsaro. Ka kunna matakin tantancewa na biyu, yana cikin saitin a ɓangaren tsaro. Tun Maris 2023 na saƙon tes ya koma na masu biyan kuɗi, amma na manhajar tantancewa irin su Google Authenticator kyauta ne, ka sauke ka haɗa, minti biyar an gama. Kuma in tsohon akawun ɗinka ya cika da zage-zage tun na sakandare, gaskiya gara ka buɗe sabo, ya fi sauƙi a kan zaman goge abu dubu uku ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu, shara

Wannan shi ne wanda mutane ba sa so, don akwai daɗi a gulma. Amma ka sani manhajar nan tana lura da inda kake tsayawa, in ka tsaya minti uku kana karanta faɗan wasu masoya gobe za ta kawo maka guda goma irinsa, ita a ganinta ta yi maka gwaninta. Zama da maɗaukin kanwa dai. Don haka ka buɗe jerin waɗanda kake bi, ka sauka ƙasa a hankali, duk wanda ka kasa tuna ranar da ya ƙare ka da wani abu ka sauke shi. Wanda kake jin kunyar saukewa, abokin unguwa ko ɗan uwa, ka yi masa miyut, ba zai sani ba kuma zumunci na nan. Akwai ma wurin da ake toshe kalmomi, ka zuba sunan duk wani abu da ka san in ka gan shi sai ka tanka, ka zaɓi kwana bakwai ko talatin ko har abada. Ni a lokacin jarrabawa har sunan kulob ɗina nake toshewa, Allah Ya gani ba da son raina ba.

A saman shafi akwai For you akwai Following. Na farkon zaɓin na'ura ne, na biyun zaɓinka ne. Ka saba da zama a na biyun.

Mataki na uku, lis, nan ne asirin yake

In duk abin da na rubuta za ka ɗauki abu ɗaya ka ɗauki wannan. Akwai wani ɓangare da ake kira Lists, yawancin ɗalibai ba su taɓa danna shi ba. Aikinsa shi ne ka tara wasu akawun a wuri ɗaya, in ka buɗe su kaɗai za ka gani, ba ma sai kana binsu ba. Ka danna hotonka a sama, ka nemo Lists, ka ƙirƙiri sabo, ka ba shi suna, ka sa masa kwaɗo in ba ka so a gani, sai ka fara zuba mutane. Bayan nan ka maƙala shi a saman shafinka yadda da ka shigo za ka gan shi kusa da Following.

Ni guda uku na yi. Na farko na sanarwa, na zuba akawun ɗin jami'armu da na ƙungiyar ɗalibai, da NYSC, da JAMB saboda ƙannena, da NELFUND mai ba da bashin karatu da ya fara aiki a 2024, da ITF da ke kula da SIWES, wato horon aiki na ɗalibai, da NITDA mai kula da fasahar sadarwa ta zamani. Na biyu na tallafin karatu, akwai Chevening da Commonwealth na Ingila, DAAD na Jamus, Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, Mastercard Foundation, da PTDF namu na gida ga masu karatun da ya shafi mai da gas. Na uku kuma na fannina, shi ne ya fi cin lokaci kuma shi ya fi daɗi.

Yadda ake haɗa na ukun, ka ɗauko handawut ɗinka ko littafin da lakcara ya ce a karanta, ka duba sunayen marubutan da ake yawan ambata, ka bincika ko suna Tuwita. Za ka yi mamaki, wanda kake haddace sunansa don tes kana zaton ya mutu tun zamanin Turawa ashe yana nan da ransa yana sa hoton karensa. In ka samu ɗaya, ka duba su wa yake bi, su wa yake yawan yi wa ritwit, a nan za ka tsinci ashirin. Ka ƙara da mujallun bincike na fannin da ƙungiyoyin ƙwararru, ɗan injiniya ya sa NSE da COREN, ɗan akanta ya sa ICAN da ANAN, haka dai. Mutum talatin zuwa hamsin sun wadatar, in suka yi yawa sai ya koma kasuwa. Sai dai ka sani malaman jami'a da yawa na ƙasashen waje sun yi hijira zuwa Bluesky tun bayan da aka sayar da Tuwita, in ka ga akawun ɗin mutum ya yi shiru ka leƙa can, tsarin kusan ɗaya ne, haruffa 300 suke ba da wa.

Akawun biyu ko uku da ba ka so ko rubutunsu ɗaya ya wuce ka, ka shiga shafinsu ka danna alamar ƙararrawa. Kar ka danna wa kowa da kowa, wayarka za ta zama gidan biki.

Mataki na huɗu, koyi tambayar akwatin bincike

Mu dai mun saba mu rubuta kalma ɗaya mu danna, alhali akwatin nan yana jin umarni. In ka rubuta from:JAMBHQ sannan ka bi shi da kalmar da kake nema, abin da JAMB ta rubuta da kanta kaɗai zai fito, ba surutun mutane a kanta ba. In ka sa kalmomi cikin alamar zance, misali "fully funded" sai ka ƙara sunan kwas ɗinka, zai kawo waɗanda suka zo a jere haka. In ka ƙara since:2025-01-01 zai zubar da duk abin da ya girmi wannan rana, wannan yana da amfani sosai don sau nawa mutum zai ga talla ya fara murna ashe ta shekara uku da ta wuce ce. Akwai until: shi kuma kishiyarsa. Akwai min_faves:50 wanda zai bar maka waɗanda aƙalla mutum 50 suka so. In wata kalma tana dame ka ka sa mata alamar ragi a gaba za ta fita. Kuma bayan sakamako ya fito ka koma Latest, don Top yakan kawo tsohon zance.

Duk abin da ka gani mai amfani kar ka ce zan dawo, ba za ka same shi ba. Ka danna bukmak, alamar ajiye rubutu don ka duba daga baya. Amma shi ma bukmak rijiya ce, na san mai guda ɗari takwas bai taɓa buɗe ko ɗaya ba, don haka duk Juma'a da yamma ka zauna ka duba, mai ranar rufewa ka kwafe ranar a kalandar waya ko a bangon littafi, sauran ka goge.

Kan zancen tallafin karatu, ko kana lebul 200 ka fara bibiya, ba don ka nema yanzu ba sai don ka san me suke so. Chevening misali tana buƙatar gogewar aiki ta kimanin shekara biyu, Erasmus Mundus yawanci tsakanin Oktoba da Janairu ake nema. Waɗanda suka samu sukan rubuta dogon zare, wato rubuce-rubuce a jere ɗaya ƙarƙashin ɗaya, su bayyana yadda suka tsara takardar gabatar da kai, da yadda intabiyu ya kasance, da kuskuren da ya sa aka ƙi su a karon farko. Wannan ilimi ne da a da sai kana da yaya a waje za ka ji shi.

To amma a kula da 'yan damfara, don ni kaina saura ƙiris. Wani akawun mai alamar shuɗi ya sa tallar sikolashif, da tambari da komai, na cika fom har ƙarshe sai aka ce in tura naira dubu biyar kuɗin tantancewa zuwa wani asusu mai sunan mutum. Har na buɗe manhajar banki, Allah Ya taimake ni netwok ya ƙi, kafin ya dawo na sake duba akawun ɗin na ga watansa biyu da buɗewa kuma ya kulle wurin sharhi. Tun 2023 alamar shuɗi ba ta nufin an tabbatar da kai wane ne, duk mai biyan kuɗin wata yana samu. Mai ruwan toka ita ce ta hukumomin gwamnati, mai ruwan zinare ta kamfanoni da ƙungiyoyi. Duk tallar da ka gani ka je shafin hukumar da kanka ka tabbatar, na gwamnatin Najeriya yana ƙarewa da .gov.ng na jami'o'i kuma .edu.ng, kuma duk wanda ya ce zai ba ka kuɗin karatu amma sai ka fara ba shi naka, ka san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mataki na biyar, kai ma ka fara rubutu

Yawancinmu 'yan kallo ne, to kallo kaɗai rabin amfani ne. Da can haruffa 140 ake ba mutum, a Nuwamban 2017 aka mayar 280, kuma wannan ƙuncin da mutane ke kuka da shi ni shi ne ya fi yi min amfani a karatu. Gwada wannan, yau in ka fito daga lakcar awa biyu, kafin ka kai hostal ka rubuta abin da ka fahimta a cikin haruffa 280. Ranar farko da na gwada na tsaya a gindin wata bishiyar darbejiya kusa da ɗakin karatu na fi minti goma, in rubuta in goge, a ƙarshe na gane ba wurin ne ya yi min kaɗan ba, ni ne ban gane lakcar ba, kwafa kawai na yi ta yi. Na koma na karanta shafi biyu sannan jimlar ta fito. Abin da ba ka iya taƙaitawa ba ka iya shi ba tukuna, kuma gara ka gano haka a sati na uku da ka gano a zauren jarrabawa.

In batun ya fi ƙarfin guda ɗaya sai ka yi zare, ka danna alamar ƙari ka jera biyar ko shida, kowanne da magana ɗaya. Na farkon ya faɗi abin da za a bayyana, na ƙarshen ya faɗi littafin da ka samo. Ka ƙirƙiri wani hashtag naka na kwas ɗin, ko ku haɗu ku biyar a aji ku yi ɗaya, lokacin bita kuna dannawa duk abin da kuka rubuta tun farkon simesta zai jeru.

Kuma don Allah ku gwada yi da Hausa. Bayyana yadda ƙwayar cuta ke bijire wa magani ko yadda hauhawar farashi ke faruwa da harshen da kakarka za ta gane ya fi wuya a kan maimaita Turancin handawut, kuma masu karantawa sun fi yawa fiye da yadda kake zato, har daga Maraɗi da Damagaram za ka ga ana tambayarka. In ka yi kuskure wani zai gyara maka, wani da ladabi wani da izgili, ka ɗauki gyaran ka bar masa izgilinsa. Kar ka damu da laik, wata uku na farko mutum huɗu ne ke karanta nawa, biyu ma 'yan ɗakinmu ne.

Mataki na shida, yadda ake yi wa manya magana

Matambayi ba ya ɓata, amma akwai yadda ake tambaya. Kar ka tura wa mutum "Hi" ko "Salam" ka zauna jiran ya amsa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka, ba zai amsa ba. Komai a saƙo ɗaya, gaisuwa gajeriya, ni wane ne ɗalibin kaza a jami'a kaza, na karanta abin da ka rubuta kan kaza, wuri kaza ne ban gane ba, ko ina neman takardarka mai suna kaza don furojet ɗina amma sai an biya kuɗi. Wata 'yar sashenmu haka ta yi, takardar da ake nema mata kuɗin da ya fi na abincinta na wata, marubuciyar ta turo mata washegari har da ƙarin guda biyu. Marubutan nan yawanci ba sa samun ko sisi daga kuɗin da mujalla ke karɓa, daɗi suke ji wani ya nemi karanta aikinsu. In saƙon sirrinsa a rufe yake ka duba shafin farko na takardar, imel ɗinsa na nan.

Kar farkon maganarka da mutum ya zama roƙo, a taimaka min da aiki, a taimaka min da kuɗin rajista. Ka yi sati biyu uku kana sharhi mai ma'ana a ƙarƙashin rubutunsa har sunanka ya zama ba baƙo ba. In bai amsa ba ka sake tuntuɓa sau ɗaya bayan sati, in shiru ka wuce, mutane na da hidima. In ya amsa ka yi godiya, kuma ka dawo daga baya ka gaya masa yadda aka ƙare, wannan ɗan abin shi ne mutane ba sa yi kuma shi ke sa a tuna da kai. Akwai kuma Spaces da ake hira da murya, ana yawan yi kan neman tallafin karatu da harkar kwamfuta, ka shiga ka saurara kana wanki.

'Yan shekarar ƙarshe za ku iya raba linkin tambayoyin furojet a nan, amma ka fara tambayar sufabaiza, don 'yan Tuwita ba su ne jama'ar gari ba, in bincikenka kan manoman ƙauye ne to ka sa takalmi ka tafi ƙauyen. Mai sana'a kuma, ɗinki ko zanen kwamfuta ko sayar da turare, ka maƙala hoton aikinka a saman shafinka da farashi da garin da kake, shi ke nan.

Mataki na bakwai, bakinka

Magana zarar bunu ce, a nan ma ta fi, don ko ka goge wani ya riga ya ɗauki sukirinshot. Tun 2019 fom ɗin bizar Amurka yake tambayar sunayen akawun ɗin da ka yi amfani da su a shekara biyar da suka wuce, a Yunin 2025 kuma aka ce masu neman bizar karatu su buɗe akawun ɗinsu yadda za a iya dubawa. A gida ma akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kuma da yawanmu mun tuna ɗalibin nan na wata jami'a a Jigawa da aka kama a Nuwamban 2022 kan abin da ya rubuta game da matar shugaban ƙasa ta lokacin, sai da aka yi ta hayaniya kafin a janye ƙarar. Ban ce kar ka faɗi ra'ayinka ba, ka faɗa, amma banda zagi da ƙazafi da yaɗa abin da ba ka tabbatar ba. Kar ka kama sunan lakcaranka kana aibata shi alhali sakamakonka na hannunsa, in akwai zalunci na gaske akwai hanyar kai ƙara a makaranta kuma ka tara hujja tukuna. Kar ka sa hoton katin shaidarka ko takardar admishan da lambobi a fili, ka rufe su kafin ka ɗora.

Sai batun data da lokaci. Ka shiga saitin, ɓangaren amfani da data, ka kunna Data saver ka kashe bidiyo mai kunna kansa, shi ne ɓarawon da ke sa giga ɗaya ta ƙare kafin la'asar. Ka ware lokaci biyu a rana, ni minti ashirin bayan asuba ina duba lis na sanarwa, minti ashirin bayan isha'i na fannina da rubutu, kuma wayoyin Android da iPhone duka suna da wurin sa wa manhaja iyaka ta rufe kanta in lokaci ya cika. Ba kullum nake cikawa ba, ranar da aka yi babban wasa sai dai Allah Ya yafe. Sati biyu kafin jarrabawa kuwa goge manhajar nake gaba ɗaya daga waya, in ina son duba sanarwa in shiga ta burauza, wahalar rubuta fasawod kowane lokaci kaɗai ta isa ta sa in haƙura in koma kan handawut.